Laraba, ranar ƙidayar kwanaki

Yau wata goma sha huɗu cif da na miƙa takardar ajiye aiki, na ɗauki jaka ɗaya da kwamfuta na kama hanya. Ban ma tuna ba sai da na zo sa kwanan wata a takardar neman biya.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ƙararrawar waya ta tashe ni, saboda matar da nake yi wa fassara tana gabana da awa shida, hantsinta ya dubi ludayi ni kuwa gari bai waye ba. Ɗakin da na kama babu tebur, sai na kifa akwatina a kan gado na ɗora kwamfutar. Sau biyu intanet yana yankewa ana tsakiyar magana, a na uku na jona da datar wayata, na riƙe ta kusa da taga har hannuna ya yi sanyi. Ta ji daɗin aikin, ta kuma ba ni wani. Biya dai sai bayan kwana 30, kamar yadda muka rubuta tun farko.

Wannan kwana talatin ɗin ne ya tsaya mini a rai duk yini. A da na ɗauka abin da zan yi kewa a albashi shi ne yawansa. Ashe sanin ranarsa ne. Akwai watan da na samu fiye da albashina na da, amma ya shigo ne kashi-kashi, wani bayan mako biyu, wani bayan wata biyu, shafin intanet ɗin da ya haɗa ni da mai aikin ya cire rabonsa, canjin kuɗi ya sake gutsura. Mai ɗakin kwana kuwa ba ruwansa da wanda bai biya ka ba tukuna. Shi ya sa nake da asusu guda da ba na taɓawa, mai kuɗin cin wata uku da na tikitin komawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ya fito babu wannan ajiya zai karɓi kowane irin aiki a kowane irin farashi.

Bayan azahar na zauna da fasfo da kalanda. Ina son komawa Turai, amma dokar yankin Schengen, wato ƙasashen Turai 29 da ake ratsawa da biza ɗaya, ta ce baƙo ba zai wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba. Da fari na zaci in ka fita ka dawo lissafi ya koma sabo. Ba haka ba ne. Kowace rana sai ka waiwaya baya kwana 180 ka ƙirga nawa ka kwana a ciki, har da ranar shiga da ranar fita. Na bi hatiman fasfo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na samu saura mini kwana 23.

Daga nan na sake duba bizar masu aiki daga nesa. Barbados da Estoniya sun buɗe tasu a 2020, lokacin korona, kowace ta shekara guda. Fotugal ta biyo a 2022, tana neman ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar a wata, Sifaniya kuma a 2023. Abin da suke son gani shi ne takardun banki masu nuna kuɗi na shigowa a kai a kai da yarjejeniyar aiki mai ɗorewa. Nawa samun kuwa hawa da sauka yake yi. Ga kuma haraji: ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya kwana 183 a shekara a matsayin mazauninsu, dole ya biya. Masu ɗora hotunan kwamfuta a bakin teku ba su cika faɗin wannan ba, kuma ina ganin ba su kyauta wa masu shirin biyo su ba.

Da la'asar sakaliya na fita, karon farko yau. Na zauna a bakin kogi ina kallon wani dattijo yana ɗinke komarsa, yana riƙe bakin zaren da haƙori. Nan Yaya ta kira.

"Auta, har yanzu ba ka gaji ba?"

"Na gaji yau, Yaya, amma ban yi nadama ba."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ka nemi mutum biyu ko uku da za su riƙa ba ka aiki duk wata, ka daina tsintar ɗaiɗai. Allah ya tsare mana kai."

Gaskiyarta. Da na dawo ɗaki na rubuta wa matar nan wasiƙa, na ce zan rage mata kaɗan a kuɗin kowane shafi in ta yarda mu ƙulla yarjejeniyar wata shida, biya farkon kowane wata. Sau uku na karanta kafin na tura. Yanzu sha ɗaya saura, can wurinta asuba ta kusa. Na sa ƙararrawa ƙarfe biyar.