Haƙorin da ya fi ɗan'uwansa haske

A shekarata ta ƙarshe ta koyon aikin haƙori aka haɗa ni da wata budurwa wadda haƙorinta na gaba, na sama, ya yi duhu. Shekara uku ke nan da ta faɗi, gefensa ya ɓalle, ciwon ya lafa, ta manta. Ashe jijiyar ta mutu, jinin da ya kwanta a ciki ya rine haƙorin. Na ɗora masa auduga mai sanyi don in gwada ko jijiyar na da rai, ko gezau ba ta yi ba.

Duk fargabata a kan aikin cikin saiwa take, sai ga shi ya zo da sauƙi. Irin wannan haƙori saiwa ɗaya gare shi, rami ɗaya, tsawonsa wajen milimita 22. Na keɓe shi da shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga, na kankare ramin, na yi ta wanke shi da haifokulorait (dangin bilic ɗin wanki ne, shi ya sa ba a wasa da robar), sannan na cike shi. Hoto ya nuna cikon har bakin saiwa. Kaina ya kumbura.

Ranar shirya haƙorin don sa masa hula, wato murfin da ake rufe shi da shi, malamata ta leƙo. "Ka bar masa katanga?" Nufinta milimita 2 na lafiyayyen haƙori kewaye, inda hular za ta kama. Ta sha gaya mana cewa sandar da ake kafawa cikin saiwa ba ta ƙara mata ƙarfi, ciko kawai take riƙewa. Na nuna mata na bar katangar, ta gyaɗa kai.

Sai da na gama komai, bakin yarinyar ya fi awa a buɗe, na ɗauko ma'aunin launi na zaɓa.

Hular tangaram ta iso daga wurin masu haɗa ta, ta zauna daram. Na miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Likita, kamar ya fi ɗan'uwansa fari." Saiwar da nake taƙama da ita ba ta ko tambaya ba.

Malama ba ta yi faɗa ba. "Yaushe ka ɗauki launin?" Haƙori in ya bushe yakan yi haske na ɗan lokaci, sai ya jiƙa launinsa na gaskiya yake dawowa. Launin busasshen haƙorin da ke maƙwabtaka da shi na kwaikwaya.

Muka mayar mata da hular wucin gadi, ta ƙara jiran mako biyu. Yanzu mutum na zama, kafin allura, ma'aunin launi nake fara ɗaukowa, in ja shi kusa da taga.