Kilo 10 na Soda da Lissafin da Ban Yi Ba

Shekara 9 ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare da ke Agege, kuma babu shekarar da za ta wuce ban rubuta wa ɗalibai a kan allo cewa narkewar kostik soda a cikin ruwa tana fitar da zafi ba. Adadin ma a kaina yake: kusan kilojul 44.5 (kilojul ma'aunin makamashi ne) a kowane mol, wato kowane giram 40 na soda. Da wannan sanin a kaina na sa ƙanena ya juye bokitin ruwa a kan kilo 10 na soda, kuma har yau idan ya naɗe wando zai yi alwala na ga tabon da ke ƙwaurinsa na dama sai gabana ya faɗi.

Uwargidana ce mai sana'ar sabulu. Ta daɗe tana haɗa kaɗan-kaɗan a bayan gida, rabin kilo na soda a cikin ruwa lita ɗaya da rabi, ta bar shi ya kwana, washegari ta auna kaurin ruwan da haidiromita ta ga ya tsaya a 1275, sannan ta haɗa da man alayyadi. Gab da Babbar Sallah wani mai shago ya nemi sabulu mai yawa a lokaci guda, sai na ce ta bar mini haɗin sodar, tun da fannina ne. Na je kasuwar sinadarai ta Ojota na sayo buhu mai kilo 25, na zauna na ninka komai sau 20: soda kilo 10, ruwa lita 30. Na ninka mai, na ninka turare da kala, na lissafa riba har da kuɗin keken da ya ɗauko kayan. Zafi kaɗai ne ban ninka ba.

Ranar Asabar ce da rana tsaka. Bokitin da uwargida take amfani da shi ya yi kaɗan, sai na jawo wani tsohon bahon roba da ake wanki a ciki, na zazzage sodar a ciki tukuna, abin da ita ba ta taɓa yi ba, domin kullum ruwa take fara zubawa sannan ta riƙa barbaɗa soda tana juyawa. Ruwan kuma daga baƙin tankin da ke saman rufi muka taro shi, wanda ranar Legas ta riga ta ɗumama tun safe. Ƙanena ya ɗaga bokiti mai lita 10, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Yaya, duka zan juye?" Na ce masa ya juye. Wannan amsar ce nake ta juyawa a raina, domin yaron ya yi tambayar da ta dace, ni kuwa na amsa ba tare da na tsaya ko daƙiƙa ɗaya ba.

Da farko shiru, sai wani huci ya taso daga ƙasan bahon, farin tururi mai shaƙe maƙogwaro ya turnuƙe wurin, ruwan ya fara tafarfasa yana tsartuwa kamar an ɗora shi a kan murhu. Ina ƙoƙarin sa muciya na ga gefen bahon ya yi laushi ya lanƙwashe, wani tsohon tsagi da ke jikinsa ya buɗe, ruwan ya kwararo kan ƙafar yaron, wanda silifas kawai ke ƙafarsa.

Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne jan sa zuwa famfo. Na cire masa wandon da ya jiƙe, na sakar masa ruwa fiye da minti 20 ba tsayawa. Maƙwabta sun taru, wannan na cewa a shafa manja, wancan na cewa a fasa ɗanyen ƙwai, wata ta kawo man goge baki, duka na ƙi, kuma ina roƙon duk wanda irin wannan ya samu ya ƙi. Santsin da ake ji a fata idan soda ta taɓa ta kitsen jikin mutum ne take mayarwa sabulu, kuma tana ci gaba da cin nama matuƙar ba a wanke ta ba. Daga nan muka wuce asibiti. Sati 3 ya yi bai je wurin koyon ɗinkinsa ba, sodar ta bi kwata, mai shagon kuma ya nemi wani.

A daren, bayan kowa ya kwanta, na ɗauki biro na yi lissafin da bai fi minti 2 ba. Kilo 10 na soda mol 250 ne, idan aka ninka da 44.5 za a samu kilojul sama da 11,000. Wannan daidai yake da a kunna hita mai wat 1000 ta yi awa 3 tana aiki, ko a ƙone kusan kwatan kilo na gas ɗin girki, sai dai a nan cikin 'yan mintuna zafin yake fita. Ruwa kuwa yana buƙatar kilojul 4.18 kafin kowace lita ta ƙara digiri ɗaya, saboda haka lita 10 da muka fara zubawa kilojul 2,900 kacal suke buƙata su tashi daga digiri 30 zuwa 100. Gaskiya ne cewa adadin 44.5 na sodar da ta narke cikin ruwa mai yawan gaske ne, idan haɗin ya yi kauri abin da ke fita bai kai haka ba, amma ko rabinsa ne ya fita ya kusa ninka abin da ruwan zai iya shanyewa. Ragowar ba ta da wurin zuwa sai cikin tururi da jikin roba. Dokar farko ta tamodainamiks ke nan, wadda nake sa yara su haddace: makamashi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa uwargida ta shekara da shekaru ba ta gamu da wannan ba. Nata haɗin ma yana zafi sosai, tana faɗa, amma ɗan ƙaramin bokiti nan da nan yake huce wa iska. Idan aka ninka yawan abu sau 20, faɗin jikinsa da zafi ke bi ya fita sau 7 da ɗoriya kawai yake ƙaruwa, shi ya sa tuwon gidan biki ke kwana da ɗumi a tukunya alhali malmala ɗaya ta huce kafin a gama wanke hannu. Sannan barbaɗawar da take yi sannu a hankali tana ba kowane cokalin soda ruwa mai yawa da zai sha zafinsa. A shekarar 1840 wani masanin sinadarai mai suna Germain Hess ya nuna cewa jimillar zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa ɗaya ce, ko a mataki ɗaya aka yi ko a matakai da yawa. Na sha kawo wannan doka a jarrabawa, amma ban taɓa jaddada wa ɗalibai cewa dokar ba ta ce komai game da sauri ba. Kilojul 11,000 da suka fita cikin awa 2 da waɗanda suka fita cikin minti 2 a takarda ɗaya suke, a ƙafar mutum kuwa ba ɗaya ba ne. Ita ba ta san sunan Hess ba, amma hannunta ya san wannan bambancin, ni kuma na karɓe aikin daga hannunta ban tambaye ta komai ba.

Yanzu idan na zo wannan darasi nakan shigo aji da kofuna biyu da ma'aunin zafi. A ɗaya nakan narkar da takin yuriya, wanda duk ɗan manomi ya san yana sanyaya ruwa, yara su taɓa kofin su ji sanyi, domin makamashin da ake kashewa wajen wargaza ƙwayoyinsa ya fi wanda ake samu idan ruwa ya kewaye su, sai ya ranto cikon daga ruwan. A ɗayan nakan sa giram 4 na soda cikin ruwa mililita 100, su ga ma'aunin ya hau da kusan digiri 10. Daga nan sai na ce su lissafa mini na kilo 10, kuma ba na barin ajin sai kowa ya samu amsar da hannunsa, sannan na gaya musu wanda ya yi wannan kuskure da wanda ya ɗauki tabonsa.

Mun koma yin babban haɗin bayan wata 2, a cikin duron roba mai kauri, ba tukunyar alminiyam ba, domin soda tana cin alminiyam har ta fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Ruwan duka lita 30 muke fara zubawa, wanda ya kwana a inuwa, da sassafe, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau da takalmin roba mai tsawo. Kilo ɗaya nake zubawa, na juya har ya narke, na duba ma'auni, idan ya haura digiri 60 mu dakata. Aikin yakan cinye mana safiyar gaba ɗaya. Uwargida ce ke riƙe da ma'aunin tana cewa a ƙara ko a tsaya, ƙanena kuwa ya ce zai iya komawa taya mu, amma har yanzu ban yarda ya matso kusa da duron ba.