Babban Mahaɗi Ba Ya Ƙara wa Jirgi Gudu

Ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya shigo da ɗan jirgin ruwansa mai rimot ranar Juma'a bayan la'asar, ya baje kaya a kan tabarmar zaure yana neman aron ƙarfen dalma. A tafin hannunsa akwai mahaɗan wuta masu siffar harsashi, na milimita 8, waɗanda wani ɗan kasuwa ya taho masa da su daga Kano, ɗaya hannun kuma yana riƙe da filaya, ya riga ya kafa bakinta a kan wayar injin. Mahaɗan da injin ya zo da su na milimita 4 ne, ɗaya daga cikin ukun ya yi baƙi, robar da ke lulluɓe da shi ta narke ta manne. Ya ce, "Kawu, ƙananan nan ne suke shaƙe wutar, idan na sa manya jirgin zai ƙara gudu." Na ce masa ya ajiye filayar tukuna, ya zauna.

Abin da ya faɗa shi ne abin da na taɓa faɗa wa kaina, kusan kalma da kalma, a lokacin da na mallaki jirgina na farko. A wancan zamani ina gyaran rediyo, don haka ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da waya da dalma. Duk wanda ya san Damagaram ya san cewa ruwan da za a sa jirgi a kai ba ya daɗewa: tabki ya cika a watan Agusta, kafin hunturu ya yi nisa ya koma taɓo, masu bugun tubali su gaje wurin. Wanda ba shi da halin zuwa Gidimuni, a ƴan watannin nan kaɗai zai yi wasansa, kuma wannan gajeren lokaci yana sa mutum gaggawa. Na faɗi haka ne domin a gane cewa ba wauta tsantsa ce ta kai ni ba, ko da yake wautar ma tana ciki.

Jirgin ya zo da inji marar buroshi mai waya uku, da akwatin daidaita gudu da ake kira ESC, da batirin LiPo mai ɗaki uku, wato bolt 11.1. Yana tafiya lafiya, amma ni ban ƙoshi ba. Na cire farfelar da ya zo da ita na sa wadda ta fi ta faɗi, na kuma koma batir mai ɗaki huɗu, bolt 14.8, ba tare da na tambayi kaina ko injin da akwatin za su ɗauka ba. Jirgin ya yi gudun da ya tara mini yara a bakin tabki, sai dai da na buɗe murfinsa na tarar mahaɗan milimita 3.5 da ke tsakanin inji da ESC sun yi zafin da ba a iya taɓawa. A nan ne na bar jaki na koma dukan taiki. Farfela da batir su ne suka sa injin yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa, mahaɗin kuwa shi ne kawai ya fara nuna alama, domin shi ne mafi rauni a hanyar da wutar ke bi.

Na aika aka sayo mini na milimita 6. Da suka iso, maimakon in narkar da dalmar tsofaffin in zare su, sai na ga datsewa ta fi sauri, na yanke wayoyin injin uku, har na rage musu tsawo don su yi kyan gani. Sai da na feɗe robar na gane abin da na aikata. A irin wannan inji, wayoyin da ke fitowa waje su ne ainihin silin jan ƙarfen da aka naɗe cikinsa da su, kuma kowane sili yana da nasa rufin fenti mai hana wuta wucewa. Ɗan ƙarshen da masana'anta ta kankare ta shafa wa dalma, shi ne na yanke na yar. Dalma ba ta kama fenti. Ina ɗora ta tana dunƙulewa tana gangarewa ƙasa. Na zauna da reza ina kankare sili ɗaya bayan ɗaya, na kankare na waje, na gaji, na bar na tsakiya, na ce ai zafi zai ƙone sauran. Bai ƙone ba.

Ƙarfen dalmata na gyaran rediyo ne, mai wat 30, bakinsa siriri. Mahaɗi mai kauri yana shanye zafin irin wannan ƙarfe kafin kofinsa ya kai inda dalma za ta gudana, alhali dalmar da aka saba, mai kashi 60 na kuza da 40 na darma, sai ta haura digiri 183 take fara narkewa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ɗauko wani tsohon ƙarfe na tura cikin garwashin shayi, na ci gaba da aiki da fitilar hannu a baki. Da dalmar ta ƙi kamawa sai na ɗiga ruwan asid irin na masu liƙin bokiti, wanda yake sa ta kama a take amma yake ci gaba da cin jan ƙarfe daga ciki har waya ta yi kore. Na naɗe komai da baƙin tef, na ja da hannu na ji bai fita ba, na ce aiki ya yi.

Har yau ina cewa da a ce akwai wanda zan tambaya a garin nan da ban yi haka ba. Takardar da ta zo da injin ba da Faransanci aka rubuta ta ba, balle Hausa, kuma babu mai sayar da irin kayan nan a Kasuwar Dole da zai ce maka ga yadda ake yi. Amma gaskiyar magana ita ce masu naɗin injin fanka da na famfon ruwa suna nan birjik, kuma kowane ɗayansu ya san silin naɗi yana da fenti. Girman kai ne ya hana ni zuwa wurinsu, don kada a ce mai gyaran rediyo ya kasa liƙa waya uku.

Washegari jirgin ya tashi da kyau, ya zaga, sannan ya fara sarƙewa yana kakkarwa, domin ɗaya daga cikin wayoyin uku tana haɗuwa tana rabuwa. Maimakon in saki rimot sai na ƙara dannawa. Ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, farin hayaƙi yana fita ta gefen murfi. Iska ce ta kawo shi gaɓa bayan dogon jira, na tarar ESC ya ƙone ƙurmus, batir ya kumbura, mahaɗan milimita 6 kuwa suna nan suna ƙyalli, babu abin da ya same su sai dalmar ɗaya da ta narke ta saki waya.

Lissafin abin ba shi da wuya. Zafin da ke tashi a mahaɗi yana bin yawan wutar da ke wucewa ne a ninke da kanta, sannan a ninka da turjiyar wurin. Idan wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. A ɗauka liƙi mara kyau yana da turjiyar om 0.005: da amfiya 30 zai fitar da zafin wat 4.5, da amfiya 60 kuwa wat 18, duk a wuri ɗan ƙarami da ke rufe cikin jirgin da iska ba ta shiga. Jirgi kuma ya bambanta da motar wasa, wadda takan samu sauƙi idan ta ɗauki gudu; ruwa yana riƙe da farfela ne tun daga tashi har tsayawa, kuma ciyawa ko guntun leda ta naɗe ta, jan wutar ya ƙara hawa. Ruwan tabkunanmu kuwa kowa ya san abin da ke cikinsa. Ɗan bututun da ke ɗebo ruwa ya zagaya da shi jikin inji da ESC don sanyaya su yana toshewa da laka cikin sauƙi, mahaɗan kuma dama wannan ruwa ba ya kai musu.

Na yi niyyar in jera wa yaron nan, da sauran irinsa, shawarwari masu yawa cikin tsari, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. Idan mahaɗi ya yi baƙi, kada ka fara da sayen babba. Duba farfela, duba batir, duba ko ruwan sanyaya yana fita ta gefen jirgi, ka kuma duba ko ukun duka suka yi zafi ko ɗaya ne. Idan ɗaya ne, matsalar liƙi ce ko sakin baki, domin namijin mahaɗi yakan saki idan an yi ta cirewa da mayarwa, kuma sabon mai girma ɗaya da shi ya wadatar. Na ɗan ƙanwata ɗaya ne ya ƙone, amma ko kallon sauran biyun bai yi ba, saboda ya ga wani Bature a waya yana sa na milimita 8 a jirgin da ya ninka nasa girma, mai batir ɗaki shida. Yaran yanzu za su kalli bidiyo goma a jere, su tsallake wurin da ake bayani su tafi wurin da jirgi ke tsaga ruwa, sannan su zo suna gaya maka abin da ya kamata.

Girman mahaɗi yana bin kaurin waya ne. A ma'aunin kaurin waya da ake kira AWG, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, don haka 10 ta fi 12, 8 kuma ta fi 10. Wayar 12 idan aka tura ta cikin kofin mahaɗin milimita 8 iyo take yi a ciki, sai a cike gurbin da dalma, alhali dalma ba ta kai ko rubu'in jan ƙarfe wajen wuce da wuta ba. Ka ƙara nauyi, ka cinye wuri a cikin jirgi, kuma wayar da ke bayan mahaɗin tana nan da sirantarta. A ɓangaren batir ma haka ne: mahaɗan da ake kira XT60 da XT90 lambobinsu suna nuna kimanin amfiyar da aka yi su domin ta, kuma babu amfanin sa XT90 a bakin wayar da ba za ta iya ɗaukar rabin hakan ba.

Duk da haka, kada a ce na hana ƙara girma. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma take haura digiri 40, ko a ranar Oktoba mai ƙuna, cikin jirgi yana farawa ne da zafi tun kafin a kunna shi, don haka ni kaina ba na barin milimita 3.5 a jirgin da ke jan wuta sosai. Nakan hau mataki ɗaya, zuwa 4 ko 5.5, idan wayar ta yarda. Na san wannan ya yi kama da warware abin da na faɗa a sama. To, a warware. Wanda ya auna ya ga ukun duka suna zafi bayan ya mayar da farfela daidai, ya ƙara. Wanda bai auna komai ba ya bar kuɗinsa a aljihu. Gudu dai ba zai ƙaru ba, sai ɗan abin da ido ba ya gani.

Kada ka yanke wayar inji. Narkar da dalmar tsohon mahaɗi ka zare shi, ƙarshen nan mai shafin dalma shi ne dukiyarka. Nemi ƙarfe mai wat 60 zuwa 80 ko fiye, mai faffaɗan baki, da dalma mai man ƙaro a cikinta, ka bar asid ga masu bokiti. Huda rami a guntun katako ka kafa mahaɗin a ciki, domin idan ka riƙe shi da filaya ƙarfen filayar zai janye zafin. Zura robar da ke tsukewa da zafi a jikin waya tun kafin ka liƙa, wannan kowa yana mantawa. Cika kofin da dalma zuwa rabi, shafa wa wayar tata, ka haɗa su suna narke, ka riƙe ba motsi har ta daskare. Liƙi mai kyau yana da santsi da sheƙi, wanda ya yi gari-gari kuwa a sake shi. Kuma kada ka daɗe da ƙarfe a kai, don zafi yana bin waya ya shiga cikin inji ya lalata fentin naɗin. Wato ka ba shi zafi sosai amma kada ka ba shi da yawa, kuma ban san yadda zan koya wa mutum wannan a rubuce ba sai ya ƙona ƴan mahaɗai a kan guntun waya tukuna. Wannan ne yaranmu ba sa so, gwaji a kan abin banza kafin a taɓa na gaske.

Idan an gama jirgi ya tafi da baya, a musanya kowace biyu daga cikin wayoyin uku, ba sai an sake liƙi ba. Idan waya ta gaza tsawo, a ƙara ta ɓangaren inji, domin tsawaita ta ɓangaren batir yana wahalar da kondansan da ke bakin ESC, wato ƴan abubuwan da ke tara wuta, har su fashe. A jikin batir, tamacen mahaɗi ake sawa, mai rufaffen baki, kuma waya ɗaya ake yankewa a liƙa a rufe kafin a taɓa ta biyu. Wanda ya datse ja da baƙa tare da filaya ɗaya zai ga tartsatsin da zai cinye bakin filayar, kuma LiPo idan ya kama wuta ba ya jiran a ɗebo ruwa. Idan kuma jirgi ya mutu a tsakiyar tabki, a jira iska ko a jefa igiya. Ramukan da masu tubali suka haƙa suna nan a ƙarƙashin ruwan, ba a ganinsu, don haka kada wanda ya tura ƙaninsa ya shiga ɗauko shi.