Nawa ke shigo wa gidanku a wata?

Aikin tattara bayanai da na yi a cikin Damagaram da ƙauyukan Mirriya ya sa yanzu duk wanda aka turo wa tambayoyin bincike ta intanet a unguwarmu, ni yake kawo wa wayarsa. Suna, shekaru, yawan yara, duk ana wuce su ba gardama. Wuri ɗaya ake cijewa: nawa ke shigo wa gidanku a wata?

Wanda ya tsara tambayar nan ɗan albashi yake gani a gabansa, mutumin da ake biya ƙarshen wata. Irinsa kaɗan ne a cikinmu. Mai tebur a Kasuwar Dole, ɗan kabu-kabu, majemi, manomin da rumbunsa ne asusunsa, babu wanda a cikinsu ke riƙe da lissafin wata. Idan ya ce bai sani ba, gaskiya ya faɗa, kuma aikin mai taimakonsa ne ya zauna su yi lissafin tare.

Da tukunya nake farawa. A aikin ƙididdiga, gida shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga girki ɗaya, ƙarƙashin maigida ɗaya. Babban gida a unguwar Birni mai zaure guda yana iya ƙunsar iyali uku, kowa da murhunsa. Ɗan da ya daɗe a Kano ko Libiya ba a ƙirga shi cikin mazauna gida, amma abin da yake aikowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza ana sa shi cikin kuɗin da ke shigowa.

Sai hatsi, wanda shi ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi damuna. Nakan ce wa dattijo: “Baba, tiya nawa ake auna muku a rana?” A ce tiya biyu ce daga rumbu. A wata tiya 60 ke nan. In ana sayar da tiya sefa 700 a kasuwa, gidan ya ci geron sefa 42,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Nijar tun Janairun 2024. Amma wannan dattijo zai ce a rubuta masa babu, don ko dala ba ta shiga aljihunsa ba. Ba a banza manyan binciken rayuwar iyalai da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar a 2018 zuwa 2019 da kuma 2021 zuwa 2022 suka auna talauci da abin da gida ke ci da kashewa ba. Mutum ya fi tuna abin da aka dafa jiya a kan ribar da ya ci a watan jiya. Don haka in tambayar ta ba da damar haɗa amfanin gona, ina haɗawa. In kuɗin hannu kaɗai ta nema, shi nake sa wa, in yi bayani a gurbin ƙarin bayani idan akwai.

Wata ɗaya kuma ba ya wakiltar shekara. Kaka daban, bazara daban, tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa daban. Mukan tara na shekara, da wake da gyaɗar da aka sayar, da ragon layya, da kuɗin cin rani, mu raba gida 12.

Akwai tarkon lissafi da ba ya barin kowa. Mu da dala muke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar, akwatin amsa kuwa sefa yake jira. Ɗan kasuwa ya ce dubu goma, nufinsa jika hamsin, sefa 50,000. In aka rubuta 10,000, an rage masa kashi huɗu cikin biyar. Mutanen Magarya da Matamai masu hulɗa da naira su ma sai an tambaye su wane kuɗi suke nufi, a canza da farashin ranar.

Kuɗin mata nasu ne, kuma maigida sau da yawa bai san adadinsu ba. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, awakin da ke bayan ɗaki, da su ake cefane ranar da aljihunsa ya bushe. Ba na neman wannan amsa a gaban miji. Nakan roƙi izini a tambayi uwargida ita kaɗai: “Inna, ranar kasuwa mai kyau nawa kukan samu, mara kyau fa?” Kwasar adashe ba na sa ta, tunda kuɗinta ne da ta zuba suka dawo mata.

Wasu kan rage adadin da gangan, suna zaton taimako zai biyo baya, wasu su ƙara don kunya. Na fahimci duka biyun, talauci ba abin wasa ba ne. Amma wani lokaci da irin waɗannan amsoshi ake zaɓen garin da za a fara kai wa tallafi, kuma idan mai hali ya rubuta kansa cikin marasa shi, wata bazawara mai marayu ce za a tsallake. Wanda ba ya son faɗa, yawancin tambayoyin suna da gurbin “ba na son amsawa”, shi nake nuna masa.

Kafin duk wannan ina duba wanda ke tambayar. Binciken kirki yana faɗin sunan masu shi, da abin da za a yi da amsoshin, da cewa ba dole ba ne. Wanda aka yaɗo ta WhatsApp da alkawarin kyauta, yana neman hoton katin shaida ko lambar sirrin asusun waya, a nan nake mayar wa mai waya wayarsa, in ce ya goge saƙon, kada kuma ya tura wa kowa.