Wasiƙa daga Leeds: Kwabo uku a kowane mil

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, da iyali da sana'a.

Tasi nake tuƙawa a nan Leeds, arewacin Ingila. Bara na haɗa ɗan abin da na tara da bashin banki na sayi mota mai aiki da lantarki, don gwamnati ta daɗe tana kwaɗaita mana, tana cewa daga 2030 ba za a ƙara sayar da sabuwar mota mai shan fetur ko dizal zalla ba. Sai ga shi ran 26 ga Nuwamba 2025, Rachel Reeves, ministar kuɗi, ta karanta kasafi a majalisa: daga Afrilun 2028 mai motar lantarki zai biya kwabo 3 a kan kowane mil da ya yi, mai motar da ke haɗa fetur da caji kuwa kwabo ɗaya da rabi. Fam ɗaya kwabo ɗari ne a nan.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. A kowace litar fetur gwamnati na karɓar kusan kwabo 53, ban da harajin VAT. Mu da muka bar gidan mai mun daina zuba wannan kuɗin, alhali kwaltar ɗaya muke takawa. Gaskiya ko da ɗaci, ba na musun a biya. New Zealand da Iceland sun fara karɓar irin wannan daga masu motar lantarki tun 2024, jihar Oregon ta Amurka kuma tana gwadawa tun 2015 da waɗanda suka sa kansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda nauyin zai danne. Daren jiya na kashe mota a ƙofar gida, na kunna fitilar waya na duba agogon da ke ƙirga tafiya, na yi lissafi a bayan rasit: mil 30,000 nake yi a shekara, wato fam 900. Wanda ke aiki da kwamfuta daga ɗakinsa, motarsa ta ninka tawa tsada, mil 5,000 zai yi ya biya fam 150. Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu da ke zagaya ƙauyukan Yorkshire, yankin da Leeds take ciki, tana yi wa tsofaffi wanka da ba su magani. Ko bas ba ya zuwa wasu wuraren. Ita ma, in motar lantarki take tuƙawa, duk mil ɗin da ta yi sai an ƙirga mata. Tafiyar neman abinci ce, ba yawon shan iska ba.

An ce ba za a maƙala mana na'urar bibiya ba, lambar agogon za a riƙa dubawa, kamar yadda ake rubuta ta a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Wannan ya kwantar mini da hankali, don ba na son kowa ya san wane masallaci na je da asuba. Amma fa kuɗin harajin mai a ƙasar nan ba a ware shi don gyaran hanya, baitulmali yake shiga gaba ɗaya. Ramin da ya fasa mini taya a hunturun da ya wuce yana nan, ruwa ya cika shi.

Na rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu ina roƙon a sassauta wa masu tuƙi don sana'a, ina jiran amsa. A gaida mutanen tasha, a kuma sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Leeds