Da murafen gora muka raba kujerun aji ɗaya a makarantarmu

Makarantar tamu ƙaramar sakandare ce ta gwamnati a Jos ta Arewa, kuma ta yi shekaru ba mai rububinta. Kwano yana yoyo, tagogi ba marufi, in sanyin Disamba ya sauko sai ka ga yara sun dunƙule a ƙasa hannu cikin riga. Sai Allah Ya kawo gyara: sabon rufi, benci, rijiyar burtsatse, aka kuma turo malaman lissafi da kimiyya. Gyaran ya zo daidai lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Keke ya hau, makarantun kuɗi suka ƙara nasu, iyaye suka fara dawo da 'ya'yansu gida. Ga wani dalilin da mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa bayani: tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, kuma akwai hanyoyin da uwa ba ta son ɗanta ɗan shekara goma sha ɗaya ya riƙa bi kullum shi kaɗai. Makarantar da ke kusa da gida ta fi ta nesa ko da ta nesan ta fi kyau.

Ni ne sakataren kwamitin kula da makarantar, wanda ake kira SBMC. Azuzuwa biyu gare mu na 'yan aji ɗaya, kujeru 80 ke nan in ana son kowane yaro ya samu wurin zama malami kuma ya iya duba littafinsa. Masu nema sun ninka haka fiye da biyu. Yadda aka saba, firinsifal ne ke cike gurbin a ofishinsa, kuma kowa ya san yadda abin ke tafiya: takarda daga kansila, waya daga ofis, gaisuwar dare daga maƙwabci. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Firinsifal ɗin kansa ne ya kawo ƙara gaban kwamiti, ya ce wayarsa ta hana shi barci, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya yi maƙiya uku.

Da aka kawo shawarar ƙuri'a, wato a zaro lambobin yara bisa sa'a, tambayar farko da wani dattijo ya yi ita ce ko wannan ba caca ba ce. Limamin da ke kwamitinmu ya ce a caca wani ke zuba dukiya wani ya kwashe, ita kuwa ƙuri'a hanya ce ta raba gardama tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo ɗaya. Ya kawo aya ta 44 a Suratu Ali Imrana, inda aka jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, da ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a cikin jirgi, da hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Faston da ke tare da mu ya ce su ma a Ayyukan Manzanni da ƙuri'a aka zaɓi Matiyas, kuma Karin Magana ta ce ƙuri'a tana kashe jayayya. Wannan ɓangaren bai ɗauke mu lokaci ba.

Wanda ya fi ba ni wahalar amsawa wani uba ne, tela, da 'yarsa ta zo ta ɗaya a firamarensu. Ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam Sakatare, yanzu yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, da yaron da bai iya rubuta sunansa ba, duk ɗaya kuka mai da su?" Maganarsa tana da nauyi, har yau ban raina ta ba. Abin da na ce masa shi ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole ga kowane yaro. Kujerar aji ɗaya ba tukuici ba ce da ake ba gwani, haƙƙi ne, kuma yaron da bai iya rubuta sunansa ba ya ma fi buƙatar malami. Inda ake gasar maki akwai shi, kamar kwalejojin gwamnatin tarayya irin wadda ke nan Jos tun 1973, inda ake shiga ta jarabawar NECO. Can ɗin ma ba maki zalla ba ne: tsarin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha sanarwa shi ne kashi 60 na cancanta, 30 na daidaita jihohi, 10 na abin da suka kira larura. Wanda ya karanta jaridun 2013 zai tuna hayaniyar da aka yi da aka ga ana neman maki 139 daga ɗan Anambra, ana neman 4 daga yaron Zamfara. Tela bai gamsu ba. Ya dai rubuta sunan 'yarsa.

To, a nan ne na fara koyon darasin. Ni a tunanina ranar ƙuri'a ita ce aikin. Ashe kafin a kai ga bokitin da za a zaro lambobi an riga an gama rabin rabon, domin wanda sunansa bai shiga ba, ba sa'ar da za ta fito da shi.

Sanarwa ta farko takarda ce da aka manna a ƙofar makaranta, da Turanci. Waɗanda suka fara zuwa rajista su ne dai mutanen da aka saba: 'yan'uwan malamai, maƙwabtan 'yan kwamiti, masu shiga da fita. Matar da ke barin gida da asuba zuwa kasuwar kayan gwari ta Farin Gada ba ta dawowa sai la'asar, mu kuwa teburinmu ƙarfe sha biyu ake naɗe shi. Wata malama ce ta lura, ta ce mu dubi sunayen mu gani ko akwai wanda ba mu sani ba. Sai muka ƙara wa'adi, aka yi shela da Hausa a masallatan Juma'a da coci-coci, aka faɗa a Islamiyyun matan aure, muka buɗe rajista ranar Asabar har magariba. Sunayen da suka shigo a makon ƙarshe yawancinsu ban taɓa jin su ba.

Sai batun takardu. Wani ya ce a nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ɗakin ya yi tsit, don a Jos kowa ya san abin da wannan takardar ta haddasa da wanda ake ba da wanda ake hanawa. Muka ƙi. Muka ce mazaunin unguwa kawai. Amma da me za a gane mazauni? Takardar kuɗin wuta sunan mai gida ke kai, ba na ɗan haya ba. Muka ce a kawo wasiƙar mai unguwa. Kwana kaɗan sai ga layi a ƙofar gidan mai unguwa, ga yara da dama sun wayi gari suna zaune wurin gwaggonsu. Wasu gaskiya ne, riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ni kaina a hannun kawuna na tashi. Wasu kuwa aron adireshi ne muraran. Ba mu da hanyar tantancewa sai mun shiga ɗakunan mutane muna ƙirga tabarmi, wannan kuma ba za mu yi ba. Muka koma ga abin da ya fi wuyar ƙirƙira: rajistar firamarorin da ke kewaye da mu, wadda ke nuna yaro ya yi aji biyar da shida a nan. Wanda ya fito daga makarantar kuɗi ta unguwa ya kawo sakamakonsa na shekara biyu. Wanda ba shi da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi ya isa.

Wannan matsalar iyaka ba tamu ba ce mu kaɗai. A garin Brighton na Ingila sun fara ƙuri'ar shiga sakandare a 2008, amma suka bar kowace makaranta da yankinta. Masu binciken da suka bi diddigi daga baya sun ga cakuɗa 'ya'yan masu hali da na talakawa da aka yi fata bai samu ba, domin mai kuɗi ya riga ya zauna a yankin makarantar da ta fi kyau.

Taron da ya fi zafi shi ne na kujerun da za a ware. Malamai suka ce 'ya'yansu fa? Aka ba su, da sharaɗin ɗan cikinsu, ba ɗan ƙani ba. Aka ware wa yara masu larurar ƙafa da ba za su iya doguwar tafiya ba, wannan ba wanda ya yi musu. Sannan firinsifal ya gyara zama ya ce a bar masa goma. Wani matashi ya taso masa, ya ce to me aka yi ke nan. Firinsifal ya ce, "Ɗana, kai in an gama taron nan shagonka za ka koma. Ni ma'aikaci ne. In na ce a'a ga wanda ke sama da ni, zangon gobe a wani ƙauye za ku ji labarina, wanda za a kawo kuma ba zai tambaye ku komai ba." Aka yi ta ja har aka tsaya a biyar, da sharaɗin a faɗa wa iyaye ƙarara cewa kujeru biyar na ofis ne. Ban ji daɗinta ba, amma na sa hannu, domin na fi yarda da alfarmar da aka ƙidaya aka faɗi adadinta a kan wadda ake rantsuwa babu ita. A Indiya, makarantun gwamnatin tarayyarsu da ake kira Kendriya Vidyalaya suna ɗaukar 'yan aji ɗaya ta ƙuri'a, amma an daɗe kowane ɗan majalisa yana da kujerun da yake bayarwa, har goma, sai a 2022 aka soke. In su sun ɗauki wannan tsawon lokaci, ba na jin kwamitin unguwa zai kashe abin a zama ɗaya.

Ni ma ban tsira ba. Yayar mahaifiyata ta aiko a kira ni bayan isha'i, na je na durƙusa, ta ce, "Ai an ce kai ne mai rubutun. Ga marayan nan na gidan ƙanenka, sai ka san yadda za ka yi." Na ce, "Inna, wallahi ba a hannuna yake ba. Lambarsa na cikin bokiti kamar ta kowa, sai dai ki sa mu a addu'a." Ta dube ni ta ce, "Naka sai naka dai ake cewa." Amma ba ta yi fushin da za ta yi ba da a ce ni ne mai zaɓa na tsallake shi. Amfanin ƙuri'a da ban hango ba tun farko ke nan: ta ba ƙaramin mutum bakin da zai ce wa babba a'a ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Ranar ƙuri'ar ba mu yi amfani da takarda ba, saboda takarda ana iya naɗe wata daban da sauran, mai ɗauka ya ji da yatsa. Murafen gorar ruwa muka tara, shuɗɗa iri ɗaya, aka rubuta lamba a cikin kowanne da maka. Kowane uba ko uwa na riƙe da katin lambar ɗansa. Aka kira lambobin ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga murfi kowa ya gani kafin a jefa, don kada wani ya ce tasa ba ta shiga ba. Wannan ya fi zaro murafen cin lokaci, rana ta yi zafi, amma ba wanda ya tashi. Tagwaye murfi ɗaya muka ba su. Aka rufe bakin bokitin da zane, aka samu wata 'yar firamare ta naɗe hannun riga har kafaɗa tana zarowa, liman na karantawa, fasto na maimaitawa, wata malama na rubutawa a allo da alli. Da aka cike kujeru sai mutane suka fara miƙewa, muka ce a zauna, sai an zaro na ƙarshe. Duk wanda ya fito bayan haka ya hau layin jira bisa tsarin fitowarsa, muka ce kowa ya ɗauki hoton allon da wayarsa. 'Yar tela ta fito. Marayan gidanmu ya faɗa can ƙasan layin jira, yanzu Keke yake hawa zuwa wata makarantar, ni nake biyan kuɗin.

Hoton allon nan ya yi rana. Bayan an koma makaranta wasu yaran ba su zo ba, wani an kai shi makarantar kwana, wasu sun tashi daga unguwar. Kujerunsu na 'yan layin jira ne. Sai ga wata mata mai sayar da awara ta zo da wayarta, ta ce, "Malam, ɗana ne na uku a jira, an kira na ɗaya da na biyu, jiya kuma na ga yaron da lambarsa ke wajen talatin sanye da yunifom." Muka duba, gaskiyarta ne. Ba a yi doguwar magana ba, aka kira ɗanta washegari. Shi wancan yaron ba a kore shi ba, don ba laifinsa ba ne, aka ƙirga shi cikin biyar ɗin ofis.

Ƙofar da ba mu toshe ba ita ce ta canjin makaranta. Dokokinmu duk kan shigar farkon shekara suka tsaya. Zango na biyu sai yara suka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya da takardar taransifa, kowace da hatimi da sa hannu, ba ta inda za ka ce ba daidai ba ce. Kafin ƙarshen shekara benci mai ɗaukar uku ya koma ɗaukar huɗu, alhali akwai yaran da ke kan layin jira tun ranar ƙuri'a ba a kira su ba. Mun rubuta wa ofis muna neman duk mai taransifa ya bi bayan layin jira, sai fa ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Jos. Firinsifal ya ce zai sa hannu a wasiƙar idan an aika da ita da sunan kwamiti, ba da nasa ba. Haka muka yi, kuma kwafinta na manne a allon sanarwa kusa da sunayen 'yan jira.