Birki, batir da fitila: abin da nake gani kullum a garejina

Garejina ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce a bakin titi a nan Kano, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, sai ɗan shago inda nake kulle kayan aiki da batura. Ni ne da yarana, da wani mai wayarin da muke raba aiki da shi. Ba na sauke inji, ba na buɗe giyabos. In an kawo irin wannan sai in nuna wa mai mota rumfar maƙwabcina. Abin da na riƙe shi ne birki, batir da wuta. Kuma a duk aikin mota babu inda ake jan ciniki kamar nan. Mutumin da zai biya kuɗin fenti bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya yana neman ragi a kan gwangwanin man birki.

Yawancin masu zuwa wurina direbobin haya ne masu Golf da Sharon da bas, sai ma'aikata masu Corolla, Honda da 406. Kusan duk motocin nan sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas su ƙaraso mana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, sai jama'a suka koma lallaɓa mota. Ban ga laifin kowa ba. Akwai abin da ake lallaɓawa: gilashin da ba ya sauka, rediyon da ya mutu, ƙofar da sai an doka ta take rufuwa. Birki ba ya cikin wannan sahun.

Sabon fad ɗin birki, wato abin da ke matse dis (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya) don mota ta tsaya, kaurin namansa yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Da yawa suna zuwa da wani siririn ƙarfe a gefe, wanda aikinsa kawai ya fara gogar dis yana ƙara tun naman bai ƙare ba. Wannan ƙarar ce direba zai yi ta ji mako da makonni, in wani aikin ya kawo shi na yi masa magana sai ya ce, "Oga, kuka kawai take yi, amma tana kamawa." Tana kamawar, har ranar da naman zai ƙare ƙarfe ya hau ƙarfe. Ni ba na musu da kowa. Sai in sa yaro ya ɗaga motar a jak ya cire taya, in dis ya huce in ce mai motar ya bi fuskarsa da farce. Da farcen ya fara sarƙewa a cikin kwarin da ƙarfe ya yi, shi da kansa zai gane maganar ta wuce fad, yanzu har da dis zai saya. Wasu sukan ce a kai a goge musu shi a inji. Ana gogewa, amma kowace guga kauri take ci, kuma a jikin kowane dis an buga iyakar sirantar da zai iya aiki da ita. In ya wuce nan saurin ɗaukar zafi yake, ya lanƙwashe, sitiyari ya riƙa karkarwa duk lokacin da aka taka birki.

Ƙurar garin nan ma tana da nata rabon. Kalifa, ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin dis, tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu masu rigar roba. Da robar ta yage, ƙura ta shiga, giris ya bushe, sai fil ya cije. Za ka cire taya ka tarar fad ɗaya ya ƙare tas, ɗan'uwansa kuwa ko rabi bai ci ba, motar kuma tana fizga gefe guda in an taka. Wanda ya canza fad bai wanke fil ɗin nan ya sa musu giris ba, rabin aiki ya yi. Ba na kuma canza fad na taya ɗaya. Dama da hagu tare suke tafiya.

Kaya da kaina nake zuwa Ƙofar Ruwa in sayo, a wurin mutanen da muka daɗe tare. Kasuwar akwai komai, daga mai kyau har mai araha, kowa da aljihunsa, kuma kwali ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikinsa. Fad mai araha ko dai ya yi tauri ya cinye dis, ko naman ya ɓare daga ƙarfensa in ya ji zafi. In mai mota ya zo da kayansa ba na ƙin ɗaurawa, sai dai a gabansa nake buɗe kwalin, in faɗa masa abin da na gani, kuma mu yi da shi cewa aikina kaɗai na ɗaukar masa alhaki.

Abin da ya fi damuna shi ne man birki, domin shi ba ya kuka. Mai mota zai buɗe bonet ya ga man ya sauka, ya sayi gwangwani ya cika, shi ke nan. Alhali man birki ba ƙonewa yake yi ba. In ya sauka, ko fad ne ya ci har fistan ya fito ya ja man, ko kuma akwai inda yake yoyo: masta (famfon da feda ke turawa ya aika man zuwa tayoyi), tiyo, ko robar cikin durom na baya. Cikawa ba tare da an duba ba rufe ido ne kawai. Sannan man nan yana shan danshi daga iska a hankali. Nau'in man da ake kira DOT 3 in sabo ne sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa wajen 155. A cikin gari ba za ka taɓa lura ba. Sai ranar da ka ɗauko lodi kana gangarowa Hawan Kibo daga Jos, ƙafarka a kan birki tun daga sama, man ya tafasa ya zama tururi a cikin layi, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. In an jawo motar washegari aka gwada, birki na kamawa lafiya, sai a ce aljanun hanya ne. Shi ya sa nake ce wa masu doguwar tafiya su zubar da tsohon man duk bayan shekara 2, kuma a gangara su sauko da giya su bar inji ya riƙe motar.

Na sha buɗe tankin birki in tarar da ruwan omo. Na kuma tarar da man inji, wanda shi kumbura robobi yake yi har sai an canza su gaba ɗaya. Akwai masu toshe layin tayar da ke yoyo da ƙusa su ci gaba da lodin fasinja da birkin taya uku. Wanda dare ya yi masa a daji ya yi dabarar da za ta kai shi gari, wannan na fahimta. Wanda ya kwana a gari ya tashi da safe ya shiga tasha da ita haka nan, ba ni da uzurin da zan ba shi.

Cire iska daga layin birki shi ne aikin da nake fara gwada hankalin yaro da shi. Ɗaya yana cikin mota, ni ina ƙasa da sifana, yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta nake farawa. "Taka! Taka! Riƙe!" Sai in sassauta noti, man ya fito da kumfa, feda ta nutse a ƙafarsa, in ɗaure, sannan in ce, "Saki." In ya saki kafin in ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo. Yaron da hankalinsa ke kan waya ba ya daɗewa a wannan kujerar. Kuma doka ce a rumfata, bayan an canza fad ba a motsa mota sai an taka feda ta yi tauri, don takun farko fanko ne.

Mai shirin sayen mota ya riƙe wannan: in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi) da ta batir da ta mai dole su kama a allon gaban direba, in inji ya tashi kuma duk su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila wani ne ya cire ƙwanta don kada ta tona asiri.

Batir kuwa, da sanyin hunturu ake kawo mini ƙararsa, a Disamba da Janairu, lokacin da mota ke ƙin tashi da asuba. Amma ɓarnar tun bazara aka yi ta. Zafin Afrilu da Mayu, da a nan yakan haura digiri 40, ga zafin inji a ƙarƙashin bonet, shi ke ƙafar da ruwan batir ya ci farantan ciki. Sanyi zuwa kawai yake ya tarar da shi ya raunana. Kafin in ce wa mutum ya sayi sabo sai na ɗora mita. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabin caji ke gare shi. In ana tayar da mota ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gaji. In inji na aiki kuma, ina son ganin tsakanin 13.8 da 14.4, ƙasa da haka altaneta ba ta caji ko bel ya saki, sama da 15 kuwa dafa batirin take yi. Mutane da yawa sun sayi sabon batir alhali altaneta ce mai laifi, bayan 'yan kwanaki sabon ma ya kwanta. Da sayar da batir kawai na sa a gaba, da shiru zan yi in karɓi kuɗi, amma mutumin nan unguwa ɗaya muke, gobe ma zai dawo.

Akwai wata al'ada da na hana a wurina, ta cire kan batir inji na aiki wai a ga ko altaneta na caji. A zamanin 504 mai kafireta an yi haka an kwana lafiya. Motar yanzu tana da ƙwaƙwalwa, kuma batir ne ke shanye hawa da saukar wuta. In ka cire shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batirin. Mita ba ta da tsada.

Sauran kula da batir mai mota zai iya da hannunsa. Farin garin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. A jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi a wanke shi da tsohon burushi, kada dai ruwan ya shiga cikin batirin, a busar, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan. In za a cire, a fara da baƙin kai mai alamar ragi, in za a mayar shi ne na ƙarshe. Batir mai murafu in ruwansa ya sauka, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. A tabbata ƙarfen da ke danne shi yana nan, don batirin da aka ɗaure da igiyar roba yana tsalle a ramukan hanya farantansa zubewa suke yi. Tsofaffin da ake bar mini ina sayar wa masu saye ne a rufe yadda suke, ba na yarda yaro ya fasa ko ɗaya. Dalma ce a ciki. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito, ba zai bar ta a inda ake cin abinci ba.

Fitila ita ce aikin da nake raba wa mai wayarin, amma ƙorafin a kunnena yake sauka: "Malam, ba na gani da dare, a sa min babban ƙwai." Ƙwan H4 na asali wat 60 ne a ful, 55 a dim, H7 ma 55 ne. In aka sa mai wat 100, wutar da yake ja ta kusa ninkawa, wayar da soket ɗin ba don ita aka yi su ba, sai su narke. In fis ya tsinke kuma a naɗa masa waya, daga nan sai gobara. Sau da yawa ƙwan ba shi da laifi. Murfin fitilun yanzu roba ne, rana ke dafa shi ya koma rawaya ya dushe, kuma gogewa da fesa masa abin kariya kan dawo da hasken. Wani lokacin wayar as ce, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ta yi tsatsa. Sabon ƙwai ba a kama gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa shi saurin mutuwa.

Yayin da ake yi yanzu shi ne fararen ƙwayayen LED a cikin gidan fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin. Daga cikin mota sai ka ga gari ya waye, amma hasken warwatse yake, rabi a sama, rabi a idon mai tahowa, shi kuma ya rama da ful, ku haɗu a tsakiya kowa a makance. A hazon hunturu ma ful dawo maka da hasken yake yi a fuska. Dim ya fi nuna hanya.

Saitin fitila bayan magariba muke yinsa, a jikin katangar da ke fuskantar rumfar. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a wannan tsayin. Yawancin fitilu an rubuta musu kashi 1 cikin 100 ko kusa da haka a jikinsu, wato a wannan nisan bakin hasken dim ya sauka santimita 10 ƙasa da layin. Akwai motocin da duk yadda muka juya noti ba sa saituwa, su ne waɗanda aka shigo da su daga Ingila ko Japan aka mayar musu da sitiyari hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, don haka fitilar da ta dace da mu tana ɗaga haskenta ne ta dama, wajen bakin titi. Tasu ta hagu take ɗagawa, daidai fuskar mai tahowa. Masu juya sitiyari ba kasafai suke canza fitilun ba, kuma wannan ba aikin noti ba ne. Sai an sayi wasu fitilun guda biyu na mota mai sitiyari a hagu an ɗaura.